Kurmin Borniyo: Birai Masu Dogon Hanci, Gajerun Giwaye da Kurege Mai Shawagi

Da aikin da ya kai mu Kuala Lumpur ya ƙare, sauran abokan tafiya suka bazama kasuwa, ni da wani abokina kuwa muka yanki tikitin jirgi zuwa Sandakan, a gabashin jihar Sabah da ke tsibirin Borniyo. Wannan tsibiri shi ne na uku wajen girma a duniya, kuma ƙasashe uku ne suka raba shi. Indunusiya ta kwashi kaso mafi tsoka, Malesiya ta riƙe Sabah da Sarawak, sai Burunai 'yar ƙarama a gefe. Dabbobin kurminsa ne suka ja mu, domin da yawa daga cikinsu ba a samunsu ko'ina a duniya sai can.

Jirgi ya yi kusan awa uku da mu, yawanci a bisa teku. Da muka sauka sai ga layin jami'an shige da fice, alhali daga cikin ƙasar muka taso. Abokina ya ce, "Malam, ko jirgin nan ya ɓace hanya ne ya kai mu wata ƙasa?" Ashe tun 1963 da Sabah ta shiga tarayyar Malesiya ta riƙe ikon tantance mai shigo mata, har ɗan ƙasar da ya zo daga ɓangaren Kuala Lumpur sai ya nuna shaidarsa. Aka buga mana sabon hatimi a fasfo, muka fita.

Zafin wurin ba na rana ba ne, na laima ne. Iska a jiƙe take, gumi ya fito ya rasa inda za shi, riga ta manne a baya tun kafin mu kai ga mota. Mun sauka a wani masauki na katako a Sepilok, kimanin kilomita 25 daga Sandakan, a bakin daji. A rufin ɗakin akwai 'yar kibiya mai nuna alƙibla, kamar yadda ake yi a yawancin masaukan ƙasar. Abinci bai ba mu wahala ba: shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa, da miyar barkono mai ɗan zaƙi, da soyayyun ƙananan kifaye da gyaɗa da ƙwai, suna ce masa nasi lemak. Wajen ƙarfe shida na yamma wani ƙwaro ya soma wani irin kuka daga saman itatuwa, mai ƙarfi har na leƙa waje ina neman inda ake yankan katako da inji.

Da safe muka tafi cibiyar kula da birin orangutan, wadda aka kafa a 1964 a gefen gandun dajin Kabili-Sepilok mai faɗin kimanin hekta 4,300. Baƙo daga waje ringgit 30 ya biya a lokacin da muka je, da ƙarin 10 ga mai babbar kyamara. Jaka da abinci da kwalbar ruwa duk a ƙofa ake barinsu cikin akwatin ajiya, saboda birai na fizgewa. Aikin cibiyar shi ne karɓar marayun da aka kashe iyayensu ko aka ƙwato daga hannun masu ajiye su a gida, a koya musu hawa da neman abinci, sannan a sake su. Babu shinge tsakanin wurin da dajin. Ƙarfe goma na safe da uku na yamma ake zuba ayaba da wasu 'ya'yan itace a kan wani dandamali, wanda ya ga dama ya zo. Wani ma'aikaci ya ce mana da gangan ba sa canza abincin, don ya gundure su su koma neman na daji, kuma ranar da ba wanda ya zo su murna suke yi, ko da baƙi sun ɓata rai.

Mun tsaya har ƙafa ta gaji. Can sai igiyar da aka ɗaura tsakanin itatuwa ta soma rawa, wata uwa ta bayyana, ja kamar tsatsa, da ɗanta manne a kwiɓinta. Ba ta gaggawa. Hannu ya kama, ƙafa ta kama, sannan ta saki ɗayan hannun. Ta zauna ta juya mana baya, ta cika baki da ayaba, ɗan ya miƙa yatsu yana zaro wa daga leɓenta. Irin wannan ɗa yakan shekara shida zuwa takwas tare da uwarsa, ita kuma ba ta sake haihuwa sai ta yaye shi, shi ya sa kashe uwa ɗaya ɓarna ce ta shekaru. Kowace yamma sai sun lanƙwasa rassa sun yi sabon gado a sama, kuma a wajen uwa ɗan ke koyon hakan. Marayu kuwa mutane ne ke ƙoƙarin cike musu wannan gurbi.

Daura da nan akwai wurin kula da dabbar beya ta Borniyo, wadda ta fi duk danginta ƙanƙanta a duniya. Wani masani ɗan ƙasar, Wong Siew Te, ya kafa shi a 2008. Baƙa ce, da farin tabo mai ruwan ɗorawa a ƙirji, kuma ba biyu masu tabo iri ɗaya. Mun ga ɗaya tana fasa ruɓaɓɓen gungume da farata, tana zura harshe mai tsawon kusan taƙi tana lasar gara.

Abin da ya fara sauya mini tunani game da kurmi ya faru ne da yamma, a wata gada ta ƙarfe da aka gina can sama tsakanin itatuwa, a cibiyar da hukumar gandun daji ta jihar ke gudanarwa. Daga ƙasa, kurmi duhu ne da gangar itace da ganye, kana iya yin awa guda kana tafiya ba ka ga ko ɓera ba, sai kuka ta ko'ina. Rayuwar tana sama. Itatuwan nan dogaye ne ƙwarai, miƙaƙƙu, ba reshe sai can ƙololuwa. A kwarin Danum da ke wannan jiha aka auna wani a 2019 aka samu mita 100.8, wanda ba a san itacen da ya fi shi tsawo ba a duk ƙasashe masu zafi. Dabbar da ke zaune a irin wannan bene, saukowa ƙasa ta sake hawa wani itace asarar ƙarfi ce da kasada. Sai da yawansu suka zama masu shawagi.

Ɗan jagoranmu ya nuna wani rami a jikin itace ya ce mu zuba masa ido. Magariba na kawo jiki wani kai ya leƙo. Kurege ne ja, ya kai girman kyanwa. Ya hau har ƙarshen gangar, ya tsaya kamar mai shawara, sannan ya saki jiki. Fatar da ke tsakanin hannuwansa da ƙafafunsa ta buɗe, ya zama shimfiɗa mai kusurwa huɗu, wutsiya na bin baya tana gyara masa hanya, ya ratsa sarari shiru, ya ɗan ɗago ƙirji ya manne a wani itace can nesa. Abokina ya yi salati da ƙarfi har wasu Turawa suka waiwayo. Jagoran ya ce ba shi kaɗai ba ne. Akwai ƙadangare mai buɗe haƙarƙarinsa ya yi fiffike da su, akwai kwaɗo mai faffaɗan tafin ƙafa, har da maciji mai baje jikinsa ya faɗo daga reshe yana lanƙwasa a iska. Ƙadangaren mun gan shi washegari, da farko na ɗauka busasshen ganye ne ya faɗo, sai na ga ganyen ya sauka a gangar itace ya ruga sama.

Daga Sepilok muka kama hanyar Sukau, ƙauyen da ke bakin kogin Kinabatangan, tafiyar awa biyu da wani abu. Sau ɗaya aka tsayar da mu a shingen jami'an tsaro, suka duba fasfo suka ce mu wuce. Gabashin Sabah na ƙarƙashin tsaro na musamman tun 2013, lokacin da wasu 'yan bindiga suka tsallako daga kudancin Filifin suka shiga yankin Lahad Datu. Amma ba shingen ne ya tsaya mini a rai ba, abin da ke gefen titi ne. Na zaci cikin daji za mu yi ta ratsawa. Ina! Kwakwar manja ce layi-layi, hagu da dama, tudu da kwari, iyakar ganin ido, da manyan motoci ɗauke da nunannun kawuna suna nufar masana'anta. Itacen nan asalinsa na Afirka ta Yamma ne, a 1917 aka fara nomansa don kasuwa a Malesiya, yau ita da Indunusiya ke samar da mafi yawan manjan duniya. Kore ne shar, amma shiru kamar maƙabarta.

Masaukinmu na Sukau a kan dogayen turaku yake saboda ambaliya, kuma da kwalekwale ake isa gare shi. Kuɗinsa ya haɗa da abinci da yawon kogi safe da yamma, kuma shi ne ya fi cin aljihu a duk tafiyar. Masu aikin wurin yawancinsu 'yan ƙabilar Orang Sungai ne, mutanen kogin, Musulmi, iyayensu masunta. Sun ciyar da mu manyan jatan lande na ruwan daɗi da ganyen daji soyayye, suka kuma gargaɗe mu da mu riƙa rufe ƙofa, don birai sun iya buɗe jaka.

Kinabatangan ya kai kilomita 560, shi ne na biyu wajen tsawo a Malesiya. Ruwansa ja ne, mai laka. Da la'asar muka sa rigunan kariya muka shiga kwalekwale mai inji. Matuƙinmu dattijo ne mai ƙarancin magana, idonsa kuwa sai ka rantse da madubi a ciki. Yana tuƙi zai kashe inji kawai ya nuna da haɓa. Mu yi ta dube-dube ba mu ga komai ba, sai can abin ya motsa: guza a kwance a kan reshe, ko kada da ido kawai a waje, ko maciji baƙi mai zoben rawaya a naɗe a saman kanmu.

Da muka shiga wani ƙaramin rafi mai suna Menanggol muka iske biran da na fi ɗokin gani, masu dogon hanci. Namijin na zaune a kan reshe, ƙafafu a buɗe, hannu ɗaya bisa gwiwa, tumbi a gaba, sai ka ce attajirin da ya gama cin tuwon dare yana jiran a kawo masa lissafi. Hancinsa ya sauko har ya rufe baki, in zai ci ganye wani lokaci sai ya kawar da shi gefe. Bayansa ja, hannuwa da ƙafafu toka-toka, wutsiya fara doguwa. Matansa da 'ya'yansu na kewaye da shi, su hancinsu ɗan ƙarami ne mai ɗagowa sama. Idan ya yi gurnani hancin na kumbura, muryar ta ƙara kauri, kuma masana na ganin da wannan yake jan hankalin mata, yake kuma tsorata sauran maza. Tumbin kuwa ba ƙiba ba ce. Cikinsa ɗaki-ɗaki ne irin na dabbobi masu tuƙa, cike da ƙwayoyin halitta masu narkar da ganye da ɗanyun 'ya'yan itace. Nunannen abu mai zaƙi kumbura masa ciki yake yi, don haka ayabar da kowane biri ke rububi shi ba ruwansa da ita.

Muna nan sai wata mace ta hau ƙarshen reshe, ta yi lilo, ta daka tsalle da ɗa a cikinta, ta faɗa ruwa tim. Kafin mu rufe baki ta haye ɗaya gaɓar. Sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya. Akwai 'yar fata tsakanin yatsun ƙafarsu mai taimaka musu iyo, kuma sukan zaɓi inda rafi ya tsuke, saboda kada na jira. Orangutan shi bai iya iyo ba sam. A da rassan gaɓa biyu na haɗuwa a sama ya bi ya wuce, da aka sare manyan itatuwan sai masu kare dabbobi suka ɗaura masa gadoji na igiya, wasu ma da tsofaffin mesar 'yan kwana-kwana. Mun ga ɗaya, amma ƙananan birai ne a kai suna ta faɗa.

Tsuntsayen kuwa, dangin cilakowa da burtu sun fi ɗaukar ido. Iri takwas ake da su a Borniyo, kuma duk ana samunsu a wannan kogi. Babbansu da muka gani baƙi ne mai farar wutsiya, da wani ƙaho ja da rawaya a bisa baki mai lanƙwasowa sama. Tun kafin ka gan shi za ka ji fukafukansa na huci. Idan macen za ta yi ƙwai sai ta shiga kogon itace, a toshe ƙofar da laka da kashi da ɓawon 'ya'yan itace, a bar 'yar tsaga. Ta nan mijin zai yi ta miƙo mata ɓaure na tsawon watanni. In aka harbe shi, ita da 'ya'yan sun shiga uku. Kuma sai tsohon itace mai kogo suke iya wannan, irin wanda masu katako ke fara sarewa.

Giwaye sai da muka sha wuya kafin mu gan su. Mun fita safe da yamma muna ganin sawu da kashi da karyayyar ciyawa. Wata yamma, hadari ya haɗo, matuƙin ya samu kira a waya, ya ce mu riƙe da kyau. Muka yi ta gudu cikin ruwan sama mai dukan fuska har muka iske su a wata gaɓa mai doguwar ciyawa. Sun fi ashirin. Su ne mafi ƙanƙanta a giwayen Asiya, masu zagayayyar fuska da manyan kunnuwa, wutsiyar wasu har tana kusan taɓa ƙasa. Wani ɗan ƙarami ya zame a laka ya faɗi zaune, uwar ta sa hanci ta tallabo shi ba tare da ta daina tauna ba. Kimanin 1,000 ne suka rage a duniya.

Ina cikin murna na ce wa matuƙin lallai dajinsu na da albarka, ko'ina ka duba dabba. Ya yi shiru, sannan ya juya kwalekwalen ya matsa gaba kaɗan ya nuna mini wata kafa tsakanin itatuwa. Ta cikinta ana hango kwakwar manja, ba ta fi jifa biyu daga bakin ruwa ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, ba yawa suka yi ba, wuri ne ya ƙare musu." Ya ce yana yaro sai a yi wata ba a ga giwa ba, don tana da inda za ta. Yankin da aka keɓe wa dabbobi a nan a 2005 kimanin hekta 26,000 ne, kuma ba a haɗe yake ba, gutsattsari ne a bin kogi, gonaki sun raba tsakaninsu. Giwa ta fita daga wannan gutsure za ta wancan, sai ta ci karo da waya mai lantarki ko ta faɗa gona ta yi ɓarna. A 2013 an tsinci gawar giwaye 14 a gandun Gunung Rara, ana zargin guba suka ci. Shi kansa matuƙin bai zagi manja ba. Ƙaninsa a gonar yake aiki, da kuɗinta ake biya wa yara makaranta. Abin da na fahimta shi ne, sauƙin ganin dabbobi da ke kawo baƙi Kinabatangan, shi kansa alamar ciwon ne.

Yawon dare da ƙafa shi ne wahalar tafiyar. An ba mu takalman roba da wata safa ta yadi mai kaiwa gwiwa saboda matsattsaku. Na can ba a ruwa suke ba, a kan ganye suke tsaye suna karkaɗa kai, suna jin ɗumin mai wucewa. Duk da safar, na dawo na tarar da ɗaya a ƙugu ya sha ya yi tim, kuma jinin bai tsaya da wuri ba, don yawunsa na hana jini daskarewa. Amma a daren muka ga abin da ya biya. Jagoran ya tsaya yana shinshina iska, ya ce yana jin warin fitsarinta, sannan ya haska wani siririn itace daidai ƙirjina. Wata 'yar halitta ce da ba ta fi dunƙulen hannu ba, tarsiya, da yatsu masu faɗin kai da wutsiya siririya. Idanunta sun cinye fuskar. Kowane ɗaya ya kai girman ƙwaƙwalwarta, kuma ba sa juyawa, sai dai ta juya kan gaba ɗaya har ta kalli bayanta. Haka ta yi mana, sannan ta yi tsalle ta ɓace. Dangin biri ce, amma ba ta cin ganye ko 'ya'yan itace, sai ƙwari da ƙananan dabbobi. Can sama kuma tocila ta kamo wasu idanu biyu masu ƙyalli, na wata 'yar dabba mai suna loris, mai tafiyar hawainiya. Jagoran ya ce kada kyanta ya ruɗe mu: tana lasar wani ruwa daga hannunta ta gauraya da yawu, cizonta ya zama dafi.

A hanyar komowa muka ratse kogon Gomantong. Tun daga nesa wari ke maka sannu da zuwa. Ciki kashin jemagu ne da na tsuntsaye ya taru ya yi tudu, tudun kuma motsi yake, don kyankyasai ne suka lulluɓe shi, har kan katakon da ake takawa da inda ake dafawa. Ga shanshani masu dogayen ƙafafu a bango. Abokina ya sa hannuwa a aljihu bai fitar ba har muka fito. A can rufin kogon wasu 'yan tsattsewa ke gina sheƙa da yawunsu, suna tashi cikin duhu suna ƙyas-ƙyas da baki don jin inda bango yake. Wannan sheƙa ita ake yin miya da ita a ƙasar Sin, an ɗauki ɗaruruwan shekaru ana cinikinta, fara ta fi baƙa tsada don baƙar na gauraye da gashi. Masu lasisi ne kawai ke ɗiba, a lokutan da hukumar kula da namun daji ta ƙayyade, suna hawa tsani na igiya da gora zuwa inda in ka ɗaga kai hula za ta faɗi. Da magariba jemagu suka fito kamar hayaƙi, shaho na jiransu a bakin kogo yana cafka yana haɗiyewa a sama.

Mun kwana a Sandakan, muka ci gasasshen kifi a bakin teku, muka yi ta fama da kayan da suka ƙi bushewa. Takalmin da na shiga kogo da shi na wanke har sau ba adadi, na ƙulle shi a leda biyu, duk da haka da muka hau jirgin komawa Kuala Lumpur matar da ke kusa da ni ta kira ma'aikaciyar jirgi ta nemi a canza mata kujera.